Mahaucin Madarumfa

Shafi na 9

Salamu alaikum, masu bibiya. Na ga saƙonninku. Wanda ya ce na daɗe a bakin tafki ban shiga magana ba, to ya gyara zama, yau ga maganar.

Wanda kuma ya shigo yanzu, ga inda muke. Kakar 1976 ce. Ran Lahadi Madarumfa ta buga balo da garin Ɗan Issa a filin bayan lakwal, wato makarantar boko. Saura kaɗan a tashi, Tanko, ɗan gabanmu, ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiya, ya wuce mutum uku, na huɗun, Shu'aibu, ya faɗi ƙafarsa ta karye. Arbit, alƙalin wasa, ya busa, ya ce laifin Tanko ne. Ran Alhamis wata ƴar jarida mai shafi huɗu da ake bugawa da Faransanci a Maraɗi, wadda muke kira Takardar Gulbi, ta iso gari da manyan baƙaƙe a goshinta: Mahaucin Madarumfa. Kafin la'asar sufetan matasa ya aiko cewa a cire sunan Tanko daga cikin waɗanda za su je Maraɗi ran Asabar a zaɓi ƴan wasan jiha.

Shekara uku Tanko yana jiran wannan Asabar.

Safiyar Juma'a tafkin ya kwanta lamo, kamar an shanya shuɗin zane an manta da shi. Kukokin da ruwa ya cimma suna tsaye a ciki har gwiwa, kowace da wata kukar a ƙarƙashinta, kai a ƙasa saiwa a sama. Na daɗe ina zaton akwai wata Madarumfa a ƙarƙashin ruwan nan, mai komai irin namu amma a juye. A can ƙila babu wanda ya karye. A can ƙila ran Alhamis ba ta zo ba tukuna.

Amma a tamu Madarumfar, gindin tsamiya ya cika.

Baba Arzika masunci yana zaune a wurinsa yana ɗinkin taru. Gefe guda Inna Ɗelu, uwar Tanko, ta ɗora kaskonta tana suyar kifi, ba ta ɗaga kai ta dubi kowa ba. Shi Tankon yana can bisa wani kifaffen kwalekwale, ƙafafunsa a ruwa, ya ba mu baya. Mushe Hamisu, malamin lakwal mai horar da ƴan wasanmu, shi ke riƙe da jaridar, yana juya mana ita zuwa Hausa karo na uku.

"Ya ce, wani ɗan wasa da ake kira Tanko ya mayar da fili mahauta. Ya sare mutum uku da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, na huɗu ya kwantar da shi bai tashi ba."

"Ƙarya!"

"Wa ya sare? Ko rigarsu bai taɓa ba!"

"Ku bar ihu," in ji Ɗan Baba direba. "Ihu ba shi goge tawada."

Ɗan Baba mutumin Ɗan Issa ne, kawun Shu'aibu. Ya zo ɗaukar kifi da kamyonsa zuwa Maraɗi, ya tarar da gardama, ya kashe mota ya zauna.

"Kai dai ka ji daɗi, direba," wani ya ce daga baya. "Ku da kunka saba ƙetare iyaka ba a gan ku ba, ran Lahadi kun ga wanda ya ƙetare ku ba ku gan shi ba."

Aka yi dariya. Ɗan Baba bai yi ba.

"Ɗan ƴar'uwata shina kwance a likita da ƙafa ɗaure. Wannan ma ƙarya ce?"

"Ba wanda ya ce bai karye ba."

"Arbit ya busa ko bai busa ba?"

"Arbit ɗin da ke ɗaurin takalmi lokacin?"

"Ya busa dai. To ga arbit, ga ƙafa, ga takarda. Uku kenan. Ku mi gare ku? Baki." Ya nuna jaridar da haɓa. "Wagga ba wasiƙar kasuwa ba ce, inji ya buga ta. Mutum shi zauna a Maraɗi, shi tsinci baƙaƙen ƙarfe ɗai-ɗai shi jera, don kawai shi yi wa ɗan Ɗelu ƙarya? Ya san shi ne?"

Baba Arzika ya ciji zarensa ya tsinke, ya tofar.

"Abin da nike tambaya kenan tun jiya, ɗana. Ya san shi? Ya zo? Ni ran Lahadi ina bakin hanya tun hantsi. Ba baƙon da ya shigo garin ga, in ba ku ba, sai mai maganin basir."

"Ƙila shi ne ɗan jaridar," wani ya ce. "Shi ya sa labarin ke da zafi."

"A'a, ku tsaya," in ji Mushe Hamisu. Ya kawo takardar kusa da fuskarsa. "Akwai ƙananan baƙaƙe a ƙasa, jiya ban kula da su ba. An ce, daga wakilinmu na Madarumfa."

"Wakili?"

"Muna da wakili?"

"Yaushe anka naɗa shi? Wa ya ga rawanin?"

Ni ina jingine da tsamiya. Wata tururuwa tana hawa jikin itacen da fiffiken fara a bakinta, ya fi ta girma sau biyar, iska na kaɗa shi kamar tana ɗauke da tuta. Na zuba mata ido sosai. Na ce a raina, in ta kai reshen farko ba ta yar da shi ba, Mushe zai ninke jaridar ya sa aljihu.

Ta yar da shi.

"Akwai saura," Mushe ya ce. "Sakin layi na ƙarshe. Jiya da na kai nan an riga an fara zage-zage, na tsaya."

"Karanta muna, Mushe."

"Ya ce, abin mamaki kuma, tun da anka dawo hutun rabin lokaci wani zalɓe ya sauka bisa sandar gola ta gabas. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, bai motsa ba har anka tashi, kamar shi ne arbit na biyu."

Wasu suka yi dariya.

Cokalin Inna Ɗelu ya tsaya a cikin mai.

"Mushe," ta ce, "maimaita mini wurin nan."

Ya maimaita.

Ta tsame kifin da ke kasko ɗaya-ɗaya, ta jera a faranti, ta janye itace daga murhu. Sannan ta juyo. Tun jiya sai yanzu muka ga idonta.

"Mutum ɗari nawa a filin nan ran Lahadi?"

"Sun yi biyar, Inna."

"Kowa idonshi bisa balo. Ni da ba na kallo ma, daga nan nike jin ihunku. To ku hwaɗa mini. A garin ga kaf, wane ne za a yi ta gudu a gabanshi, shi kuwa shina kallon zalɓe?"

Na ji kawunan mutane suna juyowa, ɗaya bayan ɗaya, kamar gero idan iska ta bi ta kansa.

"Lawali," in ji Inna Ɗelu.

"Na'am, Inna."

"Matso."

Na matsa. Tsakanin tsamiya da murhunta bai fi taku goma ba, amma na tuna duk abin da na taka: ɓawon kifi, guntun igiya, inuwar Ɗan Baba.

"Kai ka rubuta?"

"Ni na rubuta wasiƙa, Inna. Amma ba haka na rubuta ba."

Wuri ya kaure.

"Munafiki!"

"Abokinshi hwa! Tare sunka tashi!"

"Nawa ƴan Ɗan Issa sunka ba ka?"

"Kai, kada ku sa mu ciki," in ji Ɗan Baba. "Mu ko Hausa ba mu rubutawa, bare Faransanci."

Baba Arzika ya ɗaga allurarsa sama, aka ɗan lafa.

"Ku bar shi shi yi magana. Lawali, don mi?"

Don me? Ran Lahadin nan da Tanko ya ɗauko ƙwallo, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ba gudu yake ba. Tafiya yake kamar ruwa idan ya sami gangare, yana kauce wa mutane yadda ruwa ke kauce wa dutse. Sai na ji baƙin ciki a ce mu kaɗai muka gani, mu da zalɓe. Na ce bari Maraɗi ta sani. Bari sufeta ya karanta tun kafin Asabar, ya riƙe sunan. Ran Litinin na yagi takarda daga tsohon kayena, littafin rubutun lakwal, na ari bik, na rubuta sau biyu. Mai kyau ɗin na ba wani mai zuwa Maraɗi ya kai ofishin jaridar. Ta farkon tana cikin hulata.

Ban iya faɗin duk wannan a gabansu ba. Na cire hula kawai na miƙa wa Mushe takardar.

Ya warware ta. Ya karanta. Leɓensa na motsi. Ya kai wani wuri ya tsaya, ya koma baya, ya sake karantawa. Ya dube ni.

"Lawali, shekara nawa ka yi a lakwal?"

"Huɗu, Mushe. Baba ya cire ni shekarar da fari ya ci muna gona."

"Zo ka karanta mini layin ga da bakinka."

Na karanta, da ƙarfi, don na san layin yana da kyau. Na daɗe a kansa.

"Tanko a égorgé trois joueurs."

"Mi kake nufi?"

"Ya yanke su, Mushe. Mutum uku. Kowa ya gani."

"Ai kuwa ya yanke su!" wani ya ɗauka. "Ya yanka na farko ya zauna da gindi!"

"Na biyun har yanzu shina neman balo!"

"Yanka dai, yankan ƙauna!"

Ku ƴan yanzu ma haka kuke cewa, na sani. Idan ɗan wasa ya murɗa ya wuce mutum da ƙwallo, ya bar shi tsaye, an ce ya yanke shi. Yabo ne. Babu yabon da ya fi shi a fili.

"Ina ka sami kalmar?" Mushe ya tambaya. Muryarsa ta yi wani iri.

"A aji uku. Ana gobe jajibirin Layya, mushenmu ya rubuta a allo, uba ya yanka rago. Ya sa munka maimaita har sau ashirin. Égorger, yanka. Ban manta ba."

Mushe Hamisu ya zauna bisa turmin Inna Ɗelu. Ya rufe fuska da jaridar. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka yake.

"Mushe, lafiya?"

"Jama'a," ya ce da ƙyar, "wakilinmu ya rubuta wa Maraɗi cewa Tanko ya kwantar da mutum uku, ya fuskantar da su gabas, ya sa musu wuƙa a wuya. Na huɗun kuma, in ji shi, ya hwaɗi bai tashi ba."

Aka dubi juna.

"Wuƙa?"

"Yankan rago. Kalmar ba ta da wata ma'ana a Faransanci. Shi mai jaridar ya ga ba zai yiwu a yanka mutum uku a fili jandarma ba su ji ba, sai ya ce to ƙila da ƙafa ya sare su. Sauƙi ma ya yi muna."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya faɗa kan tarun Baba Arzika. Wani ya riƙe tsamiya. Tsuntsayen da ke kan kukokin ruwa suka tashi gaba ɗaya, farare, suka yi kewaye biyu suka koma. Ɗan Baba da ke cewa inji ba ya ƙarya, hawaye ne ke bin gemunsa.

"Bismillahi, Allahu akbar!" wani ya ce, yana jan yatsa a wuyan na kusa da shi. "Saura biyu!"

Ni kuwa ina tsaye ina tunanin kalmar. Na sallame ta daga nan da farar riga, ta yi tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, ta dawo da jini a hannu. A ina ta canza? A gadar hanyar Maraɗi? A cikin aljihun wanda ya kai ta? Har yau idan na tuna sai in ga kamar ta bi ta ƙarƙashin tafki ne, ta waccan Madarumfar, ta fito a juye.

Mutum biyu ba su yi dariya ba. Tanko bai ko waiwayo ba. Inna Ɗelu kuma ta jira har aka gaji.

"Kun gama?" ta ce. "To gobe Asabar."

Dariyar ta mutu.

Ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Lawali, kai da Tanko nono ne kawai bai haɗa ku ba. A kwanon ga kunka ci. Ban ce ka yi da mugunta ba. Amma jiya yara sun bi ni har ƙofar gida suna tambaya ko akwai tsire. Hannun da ya ɓata, shi ka gyarawa."

"Yaya zan yi, Inna?"

Mushe ya goge ido ya miƙe. Ya dubi rana.

"Sufeta shina rufe ofis kafin sallar Juma'a, kuma yau zai sa hannu a takardar sunaye. In ka same shi kafin nan, ka nuna mishi wagga da ke hularka, ka hwaɗa mishi abin da yanka ke nufi a fili. Zan ba ka ƴar wasiƙa. Amma na san shi, ba zai tsaya nan ba. Zai dube ka shi ce, kai da ka gani da idonka, ka rantse yaron nan ba shi da hannu a karayar? In ka rantse, ina jin zai mayar da sunan."

"Zan rantse, Mushe."

"Tsaya tukuna," in ji Ɗan Baba. Ya daina dariya. "Kalma kun gyara. Ƙafa hwa? Wa ya karya ta, Faransanci?"

"Rame ya karya ta," Baba Arzika ya ce, bai ɗaga kai daga taru ba.

"Wane rame?"

"Ramen turke. Ran kasuwa mutanen garin Sarkin Yamma nan suke ɗaure jakunansu, gefen filin ta arewa. An cire turken an bar ramen, ciyawa ta rufe shi. Ran Litinin na je na sa hannu, ya shige har nan." Ya nuna tsintsiyar hannunsa. "Ba wanda ya taɓa ɗan ƴar'uwarka. Ƙasa ta kama shi."

Ɗan Baba ya sosa ƙeya.

"Shi ma dai," ya ce a hankali, "da na je duba shi, cewa ya yi, Kawu, ji na yi kamar ƙasa ta haɗiye mini ƙafa. Na ɗauka zafin ciwo ne."

"To ka ji."

"Na ji, Baba." Ya miƙe ya kaɗe riga. "Jaridar ba ta kyauta ba. Na hwaɗa da bakina, ku shaida. Kai wakili, zo ka hau gaba, in kai ka ƙofar sufeta. Amma da sharaɗi."

"Wane?"

"In mun isa tasha na kashe mota, kada ka rubuta. Ba ni son jandarma su zo nemana da kisan kai."

Aka sake kwashewa. Wannan karon har Inna Ɗelu ta ɗan murmusa. Ta ƙunshe kifi biyu a takarda ta tura mini a hannu. Takardar Gulbi ce ta yaga ta ƙunshe su. Mai ya jiƙa baƙaƙen har ana ganin hasken rana ta cikinsu.

Mushe ya rubuta wasiƙarsa a kan gwiwa. Aka loda kwandunan kifi. Ɗan Baba ya murɗa, kamyon ya yi tari uku ya tashi. Jama'a suka raka ni kamar mai tafiya Makka, wani na gyara mini hula, wani na cewa in gaida sufeta da Hausa kawai.

Na kama ƙofa na ɗora ƙafa ɗaya bisa matakala.

Sai na ji an riƙe mini hannu. Hannun da sanyi, jiƙe da ruwan tafki.

Tanko ne.

"Zo," ya ce.

Ya ja ni bayan motar, inda ƙarar inji ta rufe komai. Idonsa ja, kamar wanda bai runtsa ba tun Lahadi.

"Tanko, ka yi haƙuri. Wallahi yabonka na yi."

"Na sani."

"Zan gyara. Yanzu zan je in rantse."

"Mi za ka rantse?"

"Cewa ba ka da hannu. Ka ji Baba Arzika, rame ne."

Ya dubi ƙasa.

"Lawali, ni ka share filin nan duk ran Asabar."

"To?"

"Na san da ramen."

Ban gane ba. Ko kuma na gane, na ƙi.

"Tun farkon wasa Shu'aibu shina taka mini dugadugai. Duk mun haɗu sai shi ce, ɗan mai suya, kana warin kifi. Da na wuce na ukun, gola na gabana, fili buɗe. Da na miƙe da na ci. Ban miƙe ba. Na karkata arewa. Na san zai biyo ni. Na tsallake wurin, shi bai sani ba."

"Tanko..."

"So na yi shi hwaɗi a yi mishi dariya. Dariya kawai. Ban san za ta karye ba. Na ji ƙarar, Lawali. Har yanzu ina jin ta."

Ta gefen motar ina hango Inna Ɗelu. Ta mayar da itace a murhu, tana magana da wata mata, tana nuna hanyar Maraɗi da cokali.

"Wa ka hwaɗa wa?"

"Kai kaɗai."

"To mi kake so in ce wa sufeta?"

Bai saki hannuna ba.

Ɗan Baba ya danna oda, ya leƙo ta taga.

"Wakili! Rana na tahiya. Za ka hau, ko ba za ka hau ba?"